Musayar waƙa: ciwon marar da aka ce raki ne

Ƙanwarku daga Zariya:
Assalamu alaikum. Na shekara 9 ina fama da ciwon mara kafin likitan mata ya gano cewa endometiriyosis ne, wato wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa da yake tsira a wajen mahaifar. Waɗannan baitoci domin yayata na yi su.

Tun ina 'yar sha huɗu ciwon nan ya kama ni,
Duk wata sai in duƙe har gumi ya jiƙa ni.
Aka ce raki nake yi, in na yi aure zai bar ni,
Na yi auren, sai ga shi ya ƙara tsananta mini.
Yayata ce kaɗai ta ƙi ta ƙaryata ni,
Ta cika gora da ruwan zafi ta ɗora mini,
Ta sayar da 'yan kunnenta domin likita ya duba ni.

Wata yaya daga Maraɗi:
Ƙanwata, na ji kukanki kuma na gaskata ki,
Domin abin da ya same ni shi ne ya same ki.
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta irinki,
Mata kusan miliyan 190 ne ke ɗauke da ciwonki,
Ɗaya cikin goma ta masu shekarun haihuwa tamkarki.
Naman yana zubar da jini a lokacin al'adarki,
Jinin ba shi da mafita, sai ya manne kayan cikinki.
Allah Ya saka wa yayar nan da ta tsaya miki.

Wani magidanci daga Kano:
Yayye da ƙanne, ku ba ni dama in yi maganar matata,
Wadda muka shekara 6 ba haihuwa, dangina na goranta mata.
Ranar da aka kira ta juya na yi shiru, na san na cuce ta,
Har yau ina jin nauyin wannan shiru a zuciyata.
Da aka zura 'yar kyamara ta cibiya a ɗakin tiyata,
Likita ya nuna mini hoton abin da ya daɗe yana cin ta.
Tun daga nan nake haƙuri da shimfiɗa in ciwo ya hana ta,
Na kuma je na durƙusa gaban Hajiya na bayyana mata.

Ƙanwarku daga Zariya:
Yaya da Malam, na gode, maganarku ta sanyaya ni.
Likita ya ce ba a sami maganin da ke warkar da shi ba tukuna, amma ƙwayoyin da ya rubuta suna sassauta mini.
Malam, me Hajiya ta ce da ka gama yi mata bayani?
Ina tambaya ne domin uwar mijina ta aiko a kira ni,
Kuma maigidana ya ce ranar Asabar shi zai raka ni.