Kula da naƙasassu a gida: wane gyara jihohin Amurka ke buƙata?

Maman Hauwa: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana fama da shanyewar ɓarin jiki a nan New York, kuma an ce mana shirin CDPAP na Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, zai ba ta damar zaɓar wanda zai kula da ita a gida, gwamnati ta biya shi. Don Allah yaya abin yake, kuma ina matsalolinsa?

Malam Isa: Wa'alaikumussalam, Allah Ya ba Mama lafiya. Gaskiya aka gaya miki. Ita ce za ta ɗauki ma'aikaci, ta koya masa aikin, ta tsara masa lokaci, ta sallame shi idan bai yi mata ba, yayin da wani kamfani na tsakani yake biyan albashi da cire haraji. Ɗa ko 'ya da suka kai shekarun girma suna iya yin aikin, amma ban da miji ko mata. Irin wannan tsari ya ƙara ƙarfi bayan hukuncin Olmstead na Kotun Ƙoli a 1999, wanda ya ce tsare naƙasasshe a gidan jinya ba tare da dalili ba wariya ce. Jihohin Arkansas da Florida da New Jersey sun gwada ba mutane kuɗin kai tsaye a shirin Cash and Counseling.

Hajiya Binta: Ƙanwata, amfanin shirin a fili yake, domin tsohuwa ta fi sakin jiki idan 'yarta ce take yi mata wanka, take taimaka mata da alwala, take dama mata kunu yadda ta saba. Abin da yake damuna shi ne jiha ta ɗora wa maras lafiya nauyin mai gida ba tare da ta tallafa masa ba. Ranar da mai kula ya kwanta ciwo, iyali ne suke neman madadinsa, alhali ya kamata jiha ta tanadi jerin ma'aikatan ko-ta-kwana. Haka kuma wata dokar tarayya ta 2016 ta wajabta wa mai kula yin rajistar shigowa da fita ta na'ura, kuskure kaɗan a manhajar waya yana iya jinkirta albashi. Dole a samar da tafinta da jami'in da zai ɗaga waya.

Malam Isa: Na yarda, Hajiya. A 2025 New York ta mayar da aikin ɗaruruwan kamfanonin tsakani hannun kamfani guda ɗaya. Ke kuma, Maman Hauwa, ki fara da neman a zo a auna buƙatun Mama, domin daga nan ake yanke yawan awannin da za a biya.