Sorben sitiroberi da na yi ya daskare kamar dutse, a ina na kuskure?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum, barkanmu da zafi. Taimako nake nema a wurin waɗanda suka san kan sorbe, wannan kayan sanyin da ake yi da zallar 'ya'yan itace da sukari, ba madara ba ƙwai. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna madara ba ta karɓe shi ba, ko cokali biyu na ayis kirim ya sha sai ciki ya ɗauki ƙugi, ga shi da kwaɗayi, ba ya iya zuba ido ɗan'uwansa na sha. Shi ne na ce bari in yi abin da kowa zai sa cokali.

Ga yadda na yi. Sitiroberi gram 500, na wanke na cire ganyen kan, na zuba a bilenda da ruwa kofi ɗaya don ya niƙu da sauƙi. Sukari cokali 3 kawai na sa, saboda maigidan yana rage shan zaƙi, kuma da na ɗanɗana a lokacin ya yi mini daidai. Na juye a roba mai zurfi, na rufe, na sa a firiza ya kwana.

Washegari bayan abincin rana na fito da shi ina ta ɗoki. Wallahi cokalin ƙarfe sai da ya lanƙwashe. Na bar shi a waje ya ɗan saki, sai gefe ya zama jan ruwa, tsakiya tana nan ƙiƙam. Abin da muka samu muka kankaro kuma garas-garas a haƙori, ga salam, kamar ba ni ce na ɗanɗana jiya na ji zaƙi ba. Ba ni da injin ayis kirim. Shin sai da shi ne, ko kuwa akwai abin da na ɓata?

Anti Mai Kek:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ba laifin rashin inji ba ne. Abu biyu kika yi, kuma duk biyun hanya ɗaya suka nufa: kin ƙara ruwa, kin rage sukari.

Shi sitiroberi kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne tun daga gona. Ba ya buƙatar ko ɗigo daga gare ki. Sukari kuma a cikin sorbe ba don baki kaɗai ake sa shi ba, shi ne yake hana ruwan haɗe kansa ya zama dunƙulen ƙanƙara. Ruwan da sukari ya narke a ciki sai sanyi ya wuce na ruwa zalla kafin ya daskare, don haka ko a firiza wani ɓangarensa yana nan a narke, yana zagaye da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara. Wannan ɗan narkakken shi ne laushin da cokali yake shiga. Masu sana'ar suna son sukarin da ke cikin haɗin, a haɗa da na jikin 'ya'yan itacen, ya kai kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Naki idan na lissafa, da kofin ruwan nan da cokali ukun, bai wuce kashi 10 ba. Ƙanƙara mai launi kika yi, ba sorbe ba.

Ni ga ma'aunina, kuma a sikeli nake aunawa, ba da ido ba. Sitiroberi gram 500 bayan an gyara, sukari gram 125, ruwan lemon tsami babban cokali 1, gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su tsinko. Ki yanka su gida huɗu, ki barbaɗe da sukarin, ki rufe ki bar su minti 30 zuwa awa ɗaya. Za ki dawo ki tarar sukarin ya tsotso ruwan jikinsu, suna iyo a cikin jan ruwa mai kauri. Da wannan ruwan bilenda za ta juya, ba sai kin ƙara mata komai ba. Ki tace da rariya idan yaran ba sa son ƙananan 'ya'yan nan na jikin bawon. Ni dai ina tace rabi in bar rabi, don ina son a gane cewa daga ɗan itace ya fito.

Maganar salam ɗin kuwa, sanyi yana dakushe harshe. Abin da kika ji daidai yana ɗumi, idan ya daskare zai koma baya. Haɗin da za a daskarar dole ki ji zaƙinsa ya ɗan zarce yadda za ki so ki sha a kofi. Lemon tsamin ma kar ki raina shi, shi yake tayar da ɗanɗanon, kuma tsami yana taimaka wa jan launin ya tsaya da kyau.

Sai wurin saye. Sitiroberi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba irin ayaba ba ne da za ki ajiye ta nuna. Wanda kika ga kafaɗarsa fari-fari, haka zai ƙare. Ki bi hancinki, wanda ƙamshinsa ya iso ki tun kafin ki ɗauka shi ne naki, ko da ya ɗan yi laushi. Kuma ki wanke kafin ki cire ganyen kan, in ba haka ba ruwa ya shige ta ramin.

Ƙanwar Uwargida:

Anti ki yi haƙuri, amma gram 125 ai ya yi yawa ga gidan da ake gudun sukari. Ni ba na wannan dogon aikin. Ina jera sitiroberin a faranti su daskare ɗai-ɗai, in na tashi sai in zuba su a injin niƙa da zuma cokali 2 ko 3 da ɗan lemon tsami, in niƙa har ya yi sumul. Minti biyar an gama, kuma yana fitowa da laushi.

Anti Mai Kek:

Ƙanwata gaskiyarki, yana fitowa da laushi, amma na wannan lokacin ne. Mayar da ragowar firiza ki dawo gobe ki ba mu labari. Wuƙar injin ce ta farfasa ƙanƙarar, ba haɗin ne ya hana ta yi ba, don haka da ya kwana zai koma dutsen da Maman 'Yan Biyu take kuka da shi. In za a shanye a take, hanyarki ta fi tawa sauƙi, ban musa ba. Zuma kuma tana da amfani fiye da yadda kike zato, irin sukarin da ke cikinta ya fi farin sukari hana daskarewa. Matsalarta ƙamshi, in ta yi yawa sai ta danne sitiroberin. Kuma a tuna ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Malamin Kimiyya:

Hajiya Mai Kek ta gama magana a kan sukari, ni bari in taɓa robar nan mai zurfi, don ita ma tana da hannu a ciki.

Girman ƙwayoyin ƙanƙara ya danganta da saurin daskarewa. In abu ya daskare a hankali kuma ba a motsa shi, ƙwayoyin sukan yi kaɗan amma manya, su ne garas-garas ɗin da kika ji. In ya daskare da sauri ana juyawa, sai su yi yawa kuma ƙanana, har harshe ya kasa rarrabe su. Duk aikin injin ayis kirim ke nan: yana sanyaya bango, yana kankare abin da ya manne, yana shigar da ɗan iska. Hannu zai iya, sai dai da naci.

Ki fara sa haɗin a firji ya yi sanyi sosai, awa 4 ko ma ya kwana. Ki sa farantin ƙarfe mai faɗi a firiza tun da wuri, ƙarfe ya fi roba saurin ɗaukar sanyi. Ki zuba haɗin kada kaurinsa ya wuce santimita 2. Bayan minti 40 za ki ga gefe ya fara kamawa, ki kankaro shi zuwa tsakiya da cokali mai yatsu ki buga sosai. Ki maimaita duk bayan minti 30, sau huɗu ko biyar. In kina da injin niƙa mai ƙarfi, ki bar shi ya kusa daskarewa duka, ki farfasa ki niƙa sau ɗaya, ki mayar. Wannan ya fi bugun hannu sumul.

Akwai tsohuwar dabara ta gane ko sukari ya isa in babu sikeli. A wanke ɗanyen ƙwai tas, a saka shi da ɓawonsa a cikin tataccen haɗin. In ya nutse, a ƙara sukari. In ya taso har abin da ya leƙo sama ya kai faɗin ƙaramin kwabo, ya yi. In abin da ya leƙo ya fi haka faɗi sosai, sukari ya wuce, kuma irin wannan ba zai taɓa kamawa da kyau ba, zai tsaya caɓal. Sai dai in haɗin ya yi kauri da yawa, kaurin kaɗai yana iya riƙe ƙwan, shi ya sa na ce tatacce.

Firizar gida yawanci tana kan digiri 18 ƙasa da sifili, sorbe kuwa ya fi daɗin ɗiba in ya ɗan fi haka ɗumi. Ko wanda aka yi daidai, a sauko da shi firji minti 15 kafin a raba. A firji, ba a kan tebur ba, don kada gefe ya narke ya bar tsakiya.

Af, sunan sorbe ma ba baƙo ba ne can. Turawa sun same shi daga Turkawa ta hannun Italiyawa, asalinsa kuma kalmar Larabci ce ta sha, danginsu ɗaya da sharab, wato abin sha.

Maman 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na bi ma'auninki jiya, sai dai na tsaya a gram 110 na cike da zuma cokali ɗaya, zuciyata ta kasa kai wa 125. Da na ga ruwan da ya fito bayan na barbaɗa sukarin sai da na ji kunyar kofin ruwan da na zuba wancan karon. Malam, farantin ƙarfen ya yi aiki, amma sau uku kawai na samu na buga, a na huɗun barci ya ɗauke ni. Da safe na farfasa na niƙa kamar yadda ka ce.

Cokali ya shiga. Launin ma ja wur, ba irin na farko mai kama da an wanke shi ba. Akwai ɗan garas a saman, ina jin inda iska ta taɓa ne don ban rufe da leda ba. Maigidan ya ci cokali uku ya ajiye, ya ce ya ishe shi, sai ga shi bayan isha'i yana buɗe firiza.

Wancan dutsen na farko yana nan ban zubar ba. In na narkar da shi na ƙara sukari, zai gyaru?

Anti Mai Kek:

Zai gyaru. Ki bar shi ya narke a cikin firji, ba a waje ba, ki ƙara sukari kamar gram 130 saboda ruwan da ke ciki, ki juya har ya narke tas, ki matsa lemon tsami. Ɗanɗanon ba zai kai na biyun ƙarfi ba, in kina da ragowar sitiroberi ko guda goma ne ki niƙa ki haɗa. Wannan karon ki manna leda a kan fuskarsa kafin ki rufe murfi, kuma ku shanye cikin mako guda.