Na mayar da Windows kan SSD, kwamfuta ta ƙi tashi

Ɗan Kurmi: Salam 'yan uwa a taimaka don Allah, na kwafe Windows 10 daga tsohon faifai zuwa SSD (faifan ajiya mai sauri) da manhajar Macrium, ina kunnawa sai baƙin allo wai No bootable device, alhali BIOS (saitin da ke fara tada kwamfuta) tana ganin SSD ɗin.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Cire tsohon faifan tukuna, ka sa Windows Boot Manager a saman jerin boot na BIOS.

Injiniya: Malam ina zargin fatishan (ɓangaren faifai) na C kaɗai ka kwafa ka bar ɗan fatishan na EFI mai kamar 100MB ɗin nan, ai shi ke tada Windows, sake kwafa duka ko ka tashi da filashin saka Windows ka gyara da umarnin bcdboot. In tsarin rabon faifan GPT ne kuma sai ka sa BIOS a yanayin UEFI, tsohon yanayin Legacy ba zai tada shi ba.

Ɗan Kurmi: Filashin 8GB zai isa?

Injiniya: Zai isa, amma kwashe kayanka daga filashin, komai na ciki zai goge.