Wane murhun kyafa nama ya dace a ɗora kan tirelar da ƙaramar mota ke ja?

Dan Sabo: Salamu alaikum. Ina son murhu irin na mutanen jihar Texas ta Amurka, mai ɗakin wuta a gefe, don girkin taron biki. Da tankin gas za a ƙera shi: mai galan 250 ko mai 500?

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba kaurin ƙarfen tukuna. Kada ya gaza milimita 6, domin siririn ƙarfe ba ya riƙe zafi, iska na kaɗawa sai wutar ta faɗi, naman ya bushe bai nuna ba. Ɗakin wuta ya zama kashi ɗaya bisa uku na ɗakin nama, bututun hayaƙi kuma ya tashi daidai da ragar da naman ke kai. Kafin a yanka tanki, a cika shi da ruwa, saboda ragowar gas.

Baba Direba: Mai galan 500, tankin kaɗai ya haura kilo 400, ga itace ga ɗakin wuta. Tirela mai tayoyi huɗu zai so. Kashi 10 zuwa 15 na nauyin ya sauka kan maɗaurin mota, in ba haka ba tirelar za ta riƙa lilo a titi.

Hajiya Mai Girki: Ɗana, in taronka bai kai mutum ɗari ba, mai 250 ya ishe ka, ga sauƙin itace.