Fitilar eyabag ta ƙi mutuwa bayan na gyara sitiyari, a taimaka

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Ni bakanike ne a nan Sakkwato, kwana uku ke nan wata Toyota Corolla ta 2008 ta hana ni barci.

Oda ce ta daina yi, na gano naɗaɗɗiyar wayar nan ta bayan sitiyari ta tsinke. Na kashe mota, na cire kan batir mai alamar ragi, na jira fiye da daƙiƙa 90 da Toyota ke cewa, sannan na zare soket mai ruwan ɗorawa, na ajiye eyabag (jakar iskar da ke kare direba lokacin haɗari) fuskarta sama. Na sa sabuwar waya, tayoyi a miƙe. Oda ta dawo, amma fitilar SRS, wato ta gargaɗin eyabag, ta kama ta zauna.

Inda nake zargin kaina: na mayar da batir na murɗa makulli don gwada oda, alhali eyabag tana kan benci. Shin kwamfutar motar ce ta riƙe laifin, sai an goge da na'urar gwaji? Ko ban daidaita wayar a tsakiya ba? Ban sa mitar awon lantarki a kan eyabag ba, na san tana iya tashi.

Wani ya ce in cire ƙwan fitilar kawai. Wallahi ba zan iya ba. Alhaji mai motar da iyalinsa yake bin hanyar Birnin Kebbi duk mako, kuma muddin fitilar na kunne ba lallai eyabag ta buɗe ranar haɗari ba.

Don Allah me zan fara dubawa kafin in sake kwance sitiyarin?