Da gaske ne 'yan Fada sun ɗaure Littafi Mai Tsarki da sarƙa?

Maman Tagwaye, Angwan Rukuba

Salama a gare ku 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta, kada a ce tsokana na zo yi.

Ni 'yar COCIN ce tun haihuwa. Maigida kuwa ɗan Katolika ne, mutumin Shendam, mahaifinsa ya yi aikin katikis shekara da shekaru har gwiwa ta hana shi. Shekararmu 14 da aure ba mu taɓa ɗaga murya a kan maganar coci ba, sai ran Lahadin nan. Baba, wato mahaifin maigida, ya zo Jos ganin likitan ido ya sauka a wurinmu, Yayana kuma ya biyo bayan sujada ya gaishe shi. Na kawo gwaten acca ana ci ana hira, sai ɗaya daga cikin tagwayen ya ɗauko littafin Baba ya aza kusa da nawa, ya ce me ya sa na Kaka ya fi kauri. Littafin nan an yi masa bango da takardar buhun siminti, gefensa ya yi baƙi don shafar yatsa, ga busasshen ganyen dabino a tsakiya.

Kafin kowa ya ba yaro amsa, Yaya ya ce ai ba kaurin ne abin mamaki ba, abin mamaki shi ne ganin ɗan Fada, wato ɗan Katolika, da littafi a hannu, tunda a da da sarƙa suke ɗaure shi a majami'a, wanda ya fassara kuma su ƙone shi. Cikin wasa ya faɗa, amma Baba ya ajiye cokali ya ce, "Ɗana, kafin a haifi Luther ɗinku, wa ya riƙe muku littafin?" Ya tashi ya shige ɗaki. Gwatensa a kwano ya huce.

Ni ma abin da Yaya ya faɗa aka koya mana tun muna yara. Masu ilimi, gaskiya ne ko tatsuniya? Yaron nan har yau yana jiran amsa.

Ɗalibin Bukuru

Mama, sannu da haƙuri. Yayanki ya yi kuskuren wuri da lokaci, surukin mutum ba abokin wasa ba ne, amma hanin an yi shi kuma a rubuce yake. A 1229 taron bishop-bishop a Tulus ta ƙasar Faransa ya hana waɗanda ba firistoci ba su mallaki littattafan Tsohon Alkawari da Sabo, in ban da Zabura da littattafan addu'a. A Ingila, bayan John Wycliffe da almajiransa sun juya littafin zuwa Turanci, Akbishop Arundel ya kafa doka wajen 1409 cewa ba mai fassara ko karanta sabuwar fassara sai da izinin bishop. Shi Wycliffe ya mutu tun 1384, amma a 1428 aka tone ƙasusuwansa aka ƙone aka watsa tokar a rafi. William Tyndale gudu ya yi daga Ingila ya buga Sabon Alkawari a Jamus a 1526, bishop na Landan ya sa aka tattara ana ƙonawa a fili, a 1536 kuma aka shaƙe shi aka ƙone gawarsa kusa da Burasels. Bayan babban taron bishop-bishop na Katolika a Tirent, dokar 1564 ta ce mai son karanta fassara a harshensa ya nemi izini a rubuce. Har 1844 Fafaroma Gregory na 16 yana la'antar ƙungiyoyin rarraba Littafi Mai Tsarki. Wanda ya ce ƙage ne duk wannan, ya zo mu zauna.

Tsohon Ɗan Seminari

Na zo, ɗan'uwa, matso mini kujera. Ban musa ko ɗaya daga shekarun da ka kawo ba, amma ka tsallake sarƙar, ita ce kuwa ta hana Baba cin abinci.

Mama, an ɗaure littafi da sarƙa, haka ne. Kin san biron da ake ɗaurewa da igiya a kan kantar banki? Ai don kowa ya samu ya rubuta ne, kada mutum ɗaya ya zura a aljihu. Kafin injin buga littafi na Gutenberg wajen 1455, da hannu ake kwafe littafin a kan fata, cikakke guda ɗaya yakan ci fatun dabbobi ɗaruruwa da aikin watanni masu yawa. Wa zai bar irin wannan dukiya a sake? Kuma da Ingila ta rabu da Roma, babban Littafin Turanci na 1539 da sarki ya ce a ajiye a kowace majami'a, shi ma sarƙar aka sa masa a wurare da yawa.

Latin ɗin da ake zagin Fada a kansa, lokacin da Jerome ya fara aikin fassara littafin zuwa Latin a 382 shi ne harshen kasuwa a yammacin daular Roma, kamar Hausa a kasuwar Terminus ta Jos. Harshen ne ya tsufa ya bar talaka, ikilisiya kuma ta manne masa fiye da kima, wannan na yarda. Amma cewa Luther, jagoran rabuwar Furotesta da Roma, ne ya fara ba Jamusawa littafi a harshensu ba daidai ba ne. An buga na Jamusanci a Sitirasbog tun 1466, kuma kafin nasa Sabon Alkawari na 1522 an yi bugu 18. Na Italiyanci ya fito a Banis a 1471. Dokar Tulus ta yanki ce, ta zamanin yaƙi da 'yan ɗariƙar Cathar da ikilisiya ta ɗauka 'yan bidi'a, ba ta ɗaure duniya duka ba. Ingila ce ta fi kowa tsanani. Kuma Sarki Henry na 8, bayan ya kori ikon Fafaroma, shi ne a 1543 ya hana matan talakawa da barori da leburori da 'yan koyon sana'a karanta littafin da Turanci. A tambayi Yaya ko wannan ma Fada ne ya sa shi.

Amsar yaro mai sauƙi ce: na Kaka littattafai 73, na Mama 66. Bambancin su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabi biyu, da wasu ƙarin sassa a Esta da Daniyel. Luther bai yar da su ba, a bugunsa na 1534 ya tara su tsakanin Alkawari biyu ya ce suna da amfanin karantawa amma ba su kai sauran ba. Littafin Turanci na King James na 1611 ma da su ya fito. Sai a 1826 ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta daina biyan kuɗin buga su.

Ɗalibin Bukuru

Henry dai ku riƙe abinku, mata yake nema ba gyara ba. Sarƙa na bar maka. Amma misalin biro bai rufe maganar izini a rubuce ba, malam. Manomi a Italiya a 1600 zai je gaban bishop neman takarda?

Tsohon Ɗan Seminari

Ba zai je ba. Ko ya je ma da wuya ya samu. Tsoro ne ya kama ikilisiya bayan rabuwar, ta ƙulle ƙofa har da 'ya'yanta a waje. An fara sassautawa a 1757, amma sai a 1965 taron Batikan na biyu ya faɗa baro-baro cewa a buɗe wa kowane mai bi hanyar littafin.

Baba Hedimasta Mai Ritaya, Tudun Wada

Yarana, kun tafi Turai kun bar gida. Ni ɗan Katolika ne, na haura saba'in, na yi wa Fada hidima a bagade ina amsa Latin da ban san ma'anarsa ba. Katikisim muka haddace, tambaya da amsa, da carbi. Abokaina na mishan kuwa, a ƙauyenmu sai ka iya karatu ake yi maka baftisma, kowa da littafinsa a hammata. Na Hausa na 1932, wanda su Likita Miller na Wusasa suka yi, 'yan mishan ne suka kawo shi, wannan ba gardama. Fada sun iso Shendam tun 1907, sun ba mu makaranta da asibiti, amma littafin a hannunmu ya makara. Ni sai da na zama malami na sayi nawa, kuma a kantin 'yan ECWA na saya, ina waige-waige kada katikis ya gan ni. Saboda haka, 'yata, surukinki da ya shafe nasa har ya yi baƙi, kin san ba da arha ya same shi ba. Abin da ya yi masa ciwo ke nan. Ki sa Yayanki ya zo ya durƙusa.

Maman Tagwaye, Angwan Rukuba

Na gode ƙwarai, Baba Hedimasta, na gode malamai. Na tura wa Yaya duka. Ya karanta na Ɗalibin Bukuru ya ce ka ji ko, ya karanta na gaba ya yi shiru. Jiya da yamma dai ya zo da kankana da kati na waya, ya cire takalmi a bakin ƙofa ya ba da haƙuri. Baba ya ce ya wuce, amma da sharaɗi: tunda an ɗiga masa magani a ido ba ya ganin rubutu, Yaya ya zauna ya karanta masa. Ya miƙa masa littafin mai bangon siminti, ya ce a buɗe Tobit, wurin da tsohon ya makance. Yaya ya yi ta juya shafi bai san inda yake ba, sai yaron ne ya nemo masa. Sun kai sura ta 6 aka ɗauke wuta. Ya ce zai dawo ran Alhamis, wai yana so ya ji abin da aka yi da matsarmamar kifin.