Sassaƙar dutse a dajin Yamai, za ta yiwu?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai wanda ya san Laongo, kusa da Ziniare a Burkina Faso? Tun 1989 masassaƙa daga ƙasashe daban-daban ke zuwa suna sassaƙa duwatsun dajin a inda Allah ya ajiye su. Kana tafiya cikin ciyawa sai ka ga fuskar mace a jikin falalen dutse, sawun kurfi na nan a kumatunta. Wallahi abin ya shiga raina. Me zai hana mu yi irinsa cikin dogon yaron da ya kewaye Yamai, wanda ake ta sarewa?

Ba'adare: Wa alaikumus salam. Matsalar dutse ce, ɗan'uwa. Na Laongo garanit ne mai tauri, a can ya tsiro. Namu na Adar irin wanda ake siminti da shi a Malbaza ne, yana da laushin sassaƙa amma ruwan damina na cin sa a hankali.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, in da siffar mutum ce malamai ba za su yarda ba, ni ma haka. A sassaƙa rubutun ajami ko dagi, zan kai jikokina su gani.

Malamin Lakwal: Gaskiyarki Hajiya. Amma mu fara kula da wanda muka gada. Raƙuman dawan Dabous, arewa da Agadas, shekaru dubbai suna kan dutse, babban ya haura mita 5. Yawancin ɗalibaina ko hotonsu ba su taɓa gani ba.